Kwaɗi na ƙarewa, kuma ta fata ajalinsu ke shiga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi magana kan wata halitta da ba a cika ba ta shafi ba. In aka ce dabbobi na ƙarewa a duniya, hankali kan tafi ga giwa da zaki da karkanda. Alhali a cikin dukkan dabbobi masu ƙashin baya, babu rukunin da ya kai dangin kwaɗi shiga uku. A watan Oktoba na 2023 mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon tantancewar da masana fiye da dubu suka yi wa nau'i 8,011, aka tarar 2,873 daga cikinsu, wato kusan kashi 41 cikin 100, suna fuskantar barazanar ƙarewa. A tsuntsaye adadin wajen kashi 13 ne, a dabbobi masu shayarwa kuwa bai kai kashi 27 ba. An tabbatar nau'i 37 sun shuɗe ƙurmus, wasu 185 kuma an daɗe ana nemansu ba a gani ba, har an fara fid da rai.

Dangin nan gida uku ne. Akwai kwaɗi, su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Akwai salamanda, mai kama da ƙadangare amma fatarsa sumul take da danshi, kuma shi ya fi jin jiki, don uku cikin kowane nau'i biyar nasa suna cikin haɗari. Sai wasu marasa ƙafa da ake kira sisiliyan, masu kama da ƙatuwar tana, da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa a yankuna masu zafi. Girmansu ya kama daga wani ɗan mitsitsin kwaɗo na Papua New Guinea da bai kai milimita 8 ba, zuwa kwaɗon Goliyat na Kamaru da Ikwatoriyal Gini mai tsawon santimita 32 da nauyin fiye da kilo 3, har zuwa ƙaton salamandan China da kan doshi mita biyu. Abin da ya haɗa su duka shi ne fata, kuma wanda bai fahimci fatar nan ba, ba zai gane dalilin mutuwarsu ba.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Duk wanda ya taɓa ganin kwaɗo ya baje cikinsa a kan danshin ƙasa, ya ware cinyoyi, ya yi lamo, to ya ga kwaɗo yana shan ruwa. A ƙasan cikinsa, tsakanin cinyoyi, akwai wani fili mai siririyar fata da jijiyoyin jini birjik, ta nan ruwa ke tsatsowa zuwa jini. Abin da ya yi saura yakan tara shi a mafitsara, in fari ya matsa ya sake janyo shi jiki. Numfashinsa ma rabi da rabi ne. Huhunsa jaka ce kawai mai sauƙin gini, ba shi da tantanin da ke buɗa ƙirji irin namu, sai dai ya riƙa tura iska ciki da maƙogwaro, shi ne wannan motsin da ake gani yana ɗagawa yana sauka ba fashi. Sauran iskar ta fata take shiga, kuma ba ta shiga sai fatar na jiƙe. Akwai ma wani babban gida na salamanda, mai nau'i kusan ɗari biyar, da ba su da huhu sam, fata da tantanin baki su ne numfashinsu gaba ɗaya. Bayan ruwa da iska, fatar ce ke zuƙo gishirin da jiki ke buƙata daga ruwan daɗi, tana riƙe ma'aunin sodiyam da fotasiyam a cikin jini. Ita ce kuma ke fitar da yauƙi mai kashe ƙwayoyin cuta. Wani masani, Michael Zasloff, ya lura cewa kwaɗin da aka yi wa tiyata aka mayar cikin ruwa mai datti ba sa yin ruɓa, binciken da ya kai shi ga gano sinadarin magainin mai kashe ƙwayoyin cuta a fatarsu, ya buga sakamakon a 1987.

To, ƙofar da ruwa da iska da gishiri ke shiga ba ta da mai gadi. Duk abin da ya narke a ruwa yana iya bi ta nan. Ƙwan kwaɗo ma ba shi da ɓawo, yauƙi kawai ya lulluɓe shi, saboda haka in ruwa ya ja baya ya bar shi a fili, zafin rana na 'yan sa'o'i ya ishe shi.

Daga ƙwai 'ya'ya masu jela ke fitowa, suna numfashi cikin ruwa irin na kifi, suna kankarar gansakuka da wasu ƙananan haƙora. Rikiɗarsu zuwa kwaɗo aikin gaɓar nan ce ta wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Sinadarin da take fitarwa shi ke sa ƙafafun baya su fara tsirowa, na gaba su biyo, dogon hanji mai naɗe irin na maciyin ganye ya gajarce ya koma na maciyin ƙwari, baki ya faɗaɗa, huhu ya karɓi aiki. A kwanakin ƙarshe ɗan jela ba ya cin komai, jelarsa yake narkarwa yana rayuwa da ita. Wannan duka yana buƙatar lokaci, kuma kowane nau'i da nasa: wasu kwaɗin hamadar Amurka kan gama cikin kwana goma ko ƙasa da haka, da yawa sukan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, wasu a ƙasashen sanyi sai sun shekara biyu a ruwa. Nan ne lissafin yake. In kududdufi ya ƙafe mako ɗaya kafin ƙafafu su gama fitowa, haihuwar shekarar nan ta tafi duka. In kuma ruwa ba ya ƙafewa ko kaɗan, kifi zai zauna a ciki, kifi kuwa ba ya barin ƙwai ko ɗan jela. Shi ya sa nau'o'i masu yawa ba su da wurin haihuwa sai ruwan da ke cika da damina ya bushe da rani, ruwan da ba ya cikin taswira, ba doka ke kare shi ba, kuma shi ake fara cikewa da ƙasa in za a yi gini ko faɗaɗa gona.

Wancan rahoto na 2023 ya nuna kashi 93 cikin 100 na nau'o'in da ke cikin haɗari suna fama da lalacewar muhalli, noma ne a gaba da kashi 77, sai saran itatuwa, sai gine-gine da hanyoyi. Wani kuskure da ake yawan yi, har a tsakanin masu kyakkyawar niyya, shi ne a kare ruwan a share abin da ke kewaye da shi. Yawancin kwaɗi baƙi ne a ruwa, haihuwa ke kai su, sauran shekara a tudu suke, ƙarƙashin busasshen ganye da kututture da cikin ramuka. Wani nazari da Semlitsch da Bodie suka buga a 2003 ya ƙiyasta cewa filin da suke amfani da shi ya kai mita 159 zuwa 290 daga bakin ruwa. Tafkin da aka nome har gaɓarsa tamkar ɗaki ne da aka rushe gidan da yake ciki.

Labarin kwaɗon Kihansi ya isa misali. Ɗan ƙaramin kwaɗo ne rawaya, bai wuce kan yatsa ba, ba ya yin ƙwai, haihuwar 'ya'ya yake da ransu. Duk duniya ba a san shi ko'ina ba sai a wani fili da bai wuce hekta biyu ba a tsaunukan Udzungwa na Tanzaniya, inda ruwan kogin Kihansi ke faɗowa daga dutse yana watsa tsattsafi dare da rana a kan ciyayi. An gano shi a 1996, lokacin da aikin madatsar ruwa ta lantarki ya riga ya yi nisa. Da aka karkatar da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan, tsattsafin ya ɗauke, ciyayin suka sauya. An ja bututu an kafa na'urorin fesa ruwa don a kwaikwayi abin da aka rasa, amma yawansu ya ruguje a 2003, kuma a 2009 aka ayyana cewa babu shi a daji. Abin da ya cece shi kawai shi ne kwaɗi wajen 500 da aka kwashe zuwa gidan namun daji na Bronx a Amurka a shekarar 2000, aka yi ta kiwonsu a can da gidan namun daji na Toledo, aka fara mayar da jikokinsu gida a 2012. Kogin yana nan, dajin yana nan, raɓar da ke sauka a kan ganye kawai aka ɗauke.

Maganin feshi kuwa yana kisa ta hanyoyi biyu. Akwai mai kashewa nan take. Gwaje-gwajen Rick Relyea a 2005 sun nuna wani haɗin maganin ciyawa na gilifoset yana kashe mafi yawan 'yan jela, kuma babban mai laifin shi ne sinadarin da ake haɗawa don maganin ya manne wa ganye, wanda ke lalata gaɓar numfashinsu. Akwai kuma mai aiki a ɓoye. Tyrone Hayes na Jami'ar Kalifoniya ya ba da rahoto a 2002 cewa ɗan ƙanƙanin maganin ciyawa na atarazin a ruwa yana dagula halittar gaɓoɓin haihuwa na mazan kwaɗi. An yi ta ja-in-ja a kan sakamakon, hukumar muhalli ta Amurka ba ta gamsu ba, ita kuwa Tarayyar Turai ta daina amincewa da atarazin tun wajen 2004 saboda yadda yake gurɓata ruwan ƙasa. Takin zamani ma in ya yi yawa a ruwa yana rage cin 'yan jela, ya kuma haifar da gansakuka mai kauri da ke shanye iskar ruwan da dare. Gyaran nan ba mai wuya ba ne. Kada a wanke tankin feshi ko a zubar da ragowarsa a kududdufi ko rafi, a ɗebi ruwan a bokiti a yi nesa a wanke. Kada a yi feshi in hadari ya haɗo, don ruwan farko zai kwashe maganin ya kai shi kwari, daidai daren da kwaɗi ke fitowa haihuwa. A bar zoben ciyawa da ba a nomawa ba a fesawa kewaye da ruwa.

Sai babbar annoba. A watan Satumba na 1989 masana dabbobi masu rarrafe da dangin kwaɗi suka yi taronsu na farko na duniya a Kantabari ta Ingila. A hirar bayan fage kowa ya riƙa cewa kwaɗin da yake nazari sun yi ƙaranci, kowa yana zaton matsalar wurinsa ce kawai, sai ga shi bakin ya zo ɗaya daga nahiyoyi daban-daban. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne mutuwar tana faruwa a dazuzzukan da aka killace, inda ba gatari ba feshi. A dajin Monteverde na Kosta Rika akwai wani kwaɗo mai launin ruwan lemo mai ƙyalli da ake kira kwaɗon zinare. A 1987 Martha Crump ta ga wajen 1,500 sun taru haihuwa. Shekarar da ta biyo baya 'yan ƙalilan suka fito. Ranar 15 ga Mayu 1989 aka ga namiji guda ɗaya, daga shi ba a sake ganin wani ba. A Ostireliya akwai wani kwaɗon da macensa ke haɗiye ƙwayayenta, cikinta ya daina fitar da ruwan narkar da abinci, ta yi makonni ba ta ci ba, sannan ta buɗe baki 'ya'ya su fito. Likitocin gyambon ciki sun sa ido a kansa don su gane yadda ake kashe wannan ruwa. Nau'insa biyu ne, kuma kafin ƙarshen 1985 dukansu sun ɓace.

Sai a 1998 Lee Berger da abokan aikinta suka nuna cewa wata ƙwayar cuta dangin fumfuna ce ke wannan ɓarna, aka raɗa mata suna Batrachochytrium dendrobatidis a 1999, ana taƙaitawa da Bd, cutar kuma ana ce mata kitirid. 'Ya'yanta na da 'yar jela da suke iyo da ita a ruwa. In sun sami kwaɗo sai su kutsa cikin saman fatarsa inda akwai keratin, sinadarin nan da ke cikin farce da gashi, su girma su zama 'yar jaka, cikin kwana huɗu ko biyar jakar ta huda ta sako sababbi, su sake kama shi ko maƙwabcinsa. Fata sai ta yi kauri, ta riƙa saɓa fiye da ƙima. Kwaɗon ya daina ci, ya zauna a fili da rana tsaka, ƙafafun baya a sake, in an kifar da shi ya kasa juyowa. A 2009 Jamie Voyles ta auna jinin waɗanda suka kamu, ta ga sodiyam ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100, fotasiyam da kusan rabi, daga nan zuciya ta tsaya. Cutar fata ce, amma zuciya take tsayarwa, saboda fatar ce ke riƙe da gishirin da zuciya ke bugawa da shi. 'Yan jela ba su cika mutuwa ba, don keratin ɗinsu a baki kawai yake, sai su yi ta dakon cutar har ranar da suka rikiɗa ta bazu a sabuwar fatarsu. Wasu nau'o'in kuma, kamar babban kwaɗon Amurka da ake kiwo don nama, suna ɗauke da ita ba tare da sun yi ciwo ba, saboda haka ko masu rauni sun ƙare cutar ba ta ƙarewa tare da su.

Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 ya ɗora wa kitirid alhakin raguwar aƙalla nau'i 501, daga ciki 90 ana kyautata zaton sun shuɗe. Nazarin ƙwayoyin gadonta a 2018 ya nuna asalinta gabashin Asiya ne, wajen yankin Koriya, kuma ta bazu a duniya a ƙarni na ashirin, daidai lokacin da fataucin kwaɗi masu rai ya bunƙasa, na nama da na ado da na ɗakin gwaji. 'Yar'uwarta mai cin salamanda, Bsal, an gano ta a 2013 bayan ta kusa share wani salamanda mai baƙi da rawaya daga Holan, ita ma ta hanyar cinikin dabbobin ado ta shigo daga Asiya. Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa yawan nau'in salamanda, ta hana shigo da nau'i 201 a 2016 tun cutar ba ta iso ba, kuma a ganinmu wannan mataki ya fi dukkan ihun da aka yi bayan hari a wasu wurare.

Bd tana da rauni guda da aka sani sarai, wato zafi da bushewa. Ta fi bunƙasa tsakanin digiri 17 da 25 a ma'aunin Salshiyos, ba ta iya girma in an kusa 30, tana mutuwa cikin awa huɗu a digiri 37, cikin minti biyar a digiri 60. Wannan ne ya sa ɓarnarta ta fi yawa a tsaunuka masu sanyi da hazo da ƙoramu, ta yi sauƙi a filayen zafi. A kan wannan aka gina ƙa'idojin tsafta ga duk mai shiga ruwa don bincike ko kamun kifi ko aikin injiniya. Kafin a bar wani ruwa zuwa wani, a fara kankare laka daga takalmin roba da raga da bokiti da buroshi, domin laka na cinye ƙarfin magani, wanda ya tsoma takalmi da taɓonsa a magani ya yi aikin banza. Sannan a jiƙa su cikin Virkon, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 na minti biyar, ko ruwan bilic da aka sirka, ƙananan kayan ƙarfe kuma a goge da sifirit mai kashi 70. A ɗauraye nesa da gaɓa, don bilic ɗin da ya kashe cutar zai kashe 'yan jela. A shanya har su bushe ƙamas. In za a taɓa kwaɗo a sa safar hannu marar hoda, a jiƙa ta, a sauya ta ga kowane kwaɗo, kowanne kuma jakarsa daban, don bokiti ɗaya da aka tara goma a ciki ya ishi mai cuta guda ya harbi tara. Safar robar latex tana da guba ga 'yan jela, ta robar binil ta fi dacewa da su. Hannu mai man shafawa ko maganin sauro ko sabulu kada ya taɓa kwaɗo. Wanda aka yi kiwonsa a gida ko aka sayo kada a sake shi a daji, ruwan akwatinsa ma sai an sa masa bilic kafin a zubar.

Wanda ya kamu ana iya warkar da shi a hannu. Tsohon tsari shi ne wanka da maganin fumfuna na itirakonazol mai ƙarfin kashi 0.01 cikin 100, minti biyar kullum har kwana 11, ana mayar da shi cikin sabon akwati mai tsafta bayan kowane wanka, in ba haka ba zai sake kamuwa daga inda ya fito. Wannan ƙarfi yakan yi wa 'yan jela da sababbin rikiɗa yawa, shi ya sa ake rage musu. Matsalar ita ce daji ba asibiti ba ne. A tsibirin Mayoka na Sifen an taɓa kakkaɓe cutar daga 'yan tafkuna, aka sanar a 2015, ta hanyar kwashe 'yan jela a yi musu magani a ɗaki a kuma wanke duwatsun tafkin da Virkon, amma wurin ƙarami ne a keɓe. Wata dabara mai araha ta fito daga Ostireliya a 2024, inda Anthony Waddle ya tara bulo mai ramuka da aka shafa wa baƙin fenti a cikin 'yar rumfar leda a rana. Kwaɗi da kansu suke shiga ramukan su gasa jikinsu lokacin sanyi, cutar ta mutu, kuma waɗanda suka warke ta haka sun fi jure kamu na biyu. Dabarar na aiki ga nau'in da ke son zafi, ba za ta yi wa kwaɗon tsauni mai sanyi ba.

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan ɗan Adam? A El Copé na Fanama cutar ta isa a 2004 ta share kwaɗin ƙoramu cikin watanni. Bayan haka gansakuka ta yi yawa a ruwa don babu masu kankararta, macizan da ke cin kwaɗi suka ragu suka rame. Wani nazari na 2022 da ya bi sawun cutar gunduma gunduma a Kosta Rika da Fanama ya ga zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru na tsawon shekaru bayan ɓacewar kwaɗi, har ya kai ƙarin kusan mutum ɗaya cikin dubu a shekara lokacin da abin ya yi tsanani. Indiya ta hana fitar da cinyoyin kwaɗi a 1987, Bangaladash ta bi sahu a 1989, kuma cikin dalilan akwai yadda ƙwari suka addabi gonakin shinkafa aka koma dogaro da feshi. Cinikin bai tsaya ba, ya koma Indunusiya ne, kuma a cikin kimanin shekaru goma daga wajen 2010 Tarayyar Turai ta shigo da fiye da tan dubu 40 na cinyoyi. Kada kuma wannan ya sa wani ya ce bari a kai kwaɗi inda babu su don su ci ƙwari. Ostireliya ta gwada a 1935, ta shigo da kwaɗon rake guda 102 daga Hawai. Garin neman ƙiba aka samo rama: bai taɓuka komai ga ƙwarin rake ba, ya bazu da miliyoyi, dafinsa na kashe dabbobi da yawa da ke haɗiye shi.

Abin da ke ba mu ƙwarin gwiwa shi ne an gwada gyara an ga ya yi. Nau'i 120 sun sami sauƙi tun daga 1980, fiye da rabinsu saboda aikin kare muhalli kai tsaye. A yankin Aargau na Suwizalan an haƙa ɗaruruwan sababbin tafkuna cikin shekaru ashirin, kuma nazarin da aka buga a 2022 ya nuna nau'i 10 cikin 12 sun faɗaɗa wuraren zamansu, duk da hanyoyi da gonaki da cutar na nan. Amma haƙa tafki yana da ƙa'ida. Ƙanana uku ko huɗu masu zurfi daban-daban sun fi babba guda, don in shekara ta yi fari mai zurfin zai riƙe, in ta yi ruwa marasa zurfin za su yi aiki. Gaɓa ta zama mai gangara a hankali, mita biyar zuwa goma na tafiya ga kowace mita ɗaya ta zurfi, yawancin tafkin kada ya wuce santimita 30, domin a ruwa marar zurfi mai ɗumi 'yan jela ke saurin girma, kuma ta nan sabon kwaɗo ke iya fita. Wanda ya rikiɗa ya tarar da bango a tsaye nutsewa yake yi, huhu gare shi yanzu. Haka rijiyoyi da tankuna da magudanan siminti ke cinye dubbai, alhali katako guda mai kaushi da aka jingina ya isa tsani. Ruwan ya zama na sama ko na ƙasa, kada a haɗa shi da rafi ko lambatu, ta nan kifi da taki ke shigowa. Ruwan famfo na da kulorin mai ƙona fatarsu. Kada a zuba kifi ko ɗaya, har da ƙananan nan masu cin tsutsar sauro, don ƙwai da 'yan jela ma abincinsu ne. A tsaunukan Kalifoniya, da aka kwashe kifin da aka dasa a tafkuna, kwaɗin wurin sun farfaɗo cikin 'yan shekaru. Kada kuma a ɗebo ƙwai daga wani wuri don a yi sauri, ta haka ake ɗauko cuta. In tafkin yana cikin 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda kwaɗi suke, kuma ba titi a tsakani, da ƙafarsu za su zo.

Inda titi ya raba tudu da ruwa, dare ɗaya na ruwan farko kan kashe ɗaruruwa. Ana kafa shingen leda ko raga mai tsayin santimita 40 zuwa 50, a binne gindinsa wajen santimita 10 don kada su bi ta ƙasa, a lanƙwasa samansa zuwa ɓangaren da suke fitowa. A jikin shingen a binne bokitai daidai da ƙasa, a huda gindinsu kada ruwa ya taru, a zuba jiƙaƙƙen ganye, a sa sanda don ɓera da sauran ƙananan dabbobi su fita. Dole a duba kowace asuba a tsallakar da su, bokitin da aka manta har rana ta take tarko ne. Inda za a yi kwalbati na dindindin, ƙasansa ya zama ƙasa mai danshi, busasshen siminti na tsotse musu ruwan jiki, kuma kwalbatin da ba shingen da ke kora su zuwa bakinsa ba sa samunsa.

Roƙonmu ga jarida, Malam Edita, shi ne ta taimaka a fara ƙidaya, don ba a gane abu ya ragu sai an san yadda yake da. Kukan kurciya jawabi ne, na kwaɗo ma haka. Maza ne ke kuka, kowane nau'i da muryarsa, saboda haka ana iya sanin waɗanda ke wuri ba tare da an kama ko ɗaya ba. Tsarin da aka daɗe ana bi a Amurka mai sauƙi ne: a zaɓi wurare goma a bakin ruwa, tsakanin kowanne da na gaba aƙalla mita 800 don kada a ji kwaɗi ɗaya sau biyu, a fara rabin awa bayan faɗuwar rana, a tsaya shiru minti biyar a kowane wuri. A rubuta 1 in ana iya ƙirga masu kukan ɗaya bayan ɗaya, 2 in muryoyi sun fara hawa kan juna, 3 in sun game ba a iya rarrabewa. A rubuta kwanan wata da zafin iska da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe, a naɗi sautin da waya. A maimaita a wurare guda, lokaci guda, shekara bayan shekara, domin yawan kwaɗi na hawa da sauka da ruwan sama, ƙidayar shekara ɗaya ko biyu ba ta nuna komai. Ɗaliban sakandare da malamin kimiyya guda za su iya riƙe wannan aiki.

In kuma aka tarar da matattun kwaɗi da yawa wuri ɗaya ba alamar rauni a jikinsu, a ɗauki hoto, a rubuta wurin da ranar da abin da aka fesa a kusa. A ɗauki biyu ko uku da ba su fara ruɓa ba da safar hannu, kowanne a jakarsa, a sa a ƙanƙara ko a tsaga cikin a nutsar cikin sifirit mai kashi 70, a kai wa likitan dabbobi ko sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa. Ga masu rai, auduga a kan tsinke ta isa: a goga ta sau biyar-biyar a ciki da cinyoyi da tafin ƙafafu, a sa a kwalba mai murfi, gwajin ƙwayoyin gado da ake kira PCR zai nuna ko Bd na nan da kuma yawanta. Sannan a wanke takalmi kafin a bar wurin.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin halittu